Farfesa Muntaka Dawuda Manga da Damina ta Bakwai

Haihuwarsa da Asalinsa

An haifi marigayi Farfesa Muntaka Dawuda Manga ranar Talata, 14 ga watan Maris na shekarar 1961, a garin Manga da ke ƙaramar hukumar Zuru ta jihar Kebbi ta yanzu. Mahaifinsa shi ne Saja Dawuda, wanda labarin haihuwar ya iske shi a ƙasar Kwango yana aikin kiyaye zaman lafiya, mahaifiyarsa kuwa Malama Fadima, manomiya mai sana'ar daddawa. Shi ne na uku cikin 'ya'ya bakwai, kuma shi kaɗai ne cikin mazan gidan bai saka kakin soja ba, abin da a ƙasar Zuru sai mutum ya yi bayaninsa.

Iyalinsa ne suka ɗora wa mai wannan rubutu, wato ƙanen matarsa, nauyin tattara tarihin, ba don ya fi kowa ilimi ba, sai don a ofishinsa ne ake samun takarda da na'urar bugawa.

Karatunsa

Ya fara karatun allo a wurin limamin unguwarsu, ya shiga makarantar firamare a 1967, ya wuce sakandare a garin Zuru a 1974. A shekarar 1976 ne wani ɗan kasuwa mai suna Cyprian, mutumin kudu maso gabas, ya buɗe shagon batir da kayan keke a bakin kasuwar Zuru, shi da matarsa Bernadette. Cyprian ya yi shekara goma sha ɗaya yana leburanci a gonakin koko na tsibirin da mutanenmu suke kira Panya, a ƙasar Ikwatoriyal Gini, ya dawo da rediyo guda da harshen Sifaniyanci, wanda yake amfani da shi idan ya yi fushi da mai ciniki ba ya so ya gane. Muntaka ya je sayen faci, ya ji wannan harshe, ya nemi a koya masa. Cikin shekara uku ya kwashe duk abin da ke kan Cyprian. Daga baya marigayin yakan ce da ya sauka a Sifaniya ya iya zagi da umarnin ɗaukar buhu ƙwarai, gaisuwa ce kawai ta rage masa.

A 1979 mahaifinsa ya kai shi wurin ɗaukar soja, likita ya gwada idonsa ya sallame shi. Saja Dawuda ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwarsa da baki. A 1980 ya shiga jami'a, ya karanta Faransanci saboda shi ne harshe mafi kusa da abin da yake so da ake koyarwa a lokacin, ya kammala da daraja ta ɗaya a 1984.

Golmo da Aure

A al'adar Lelna, wato mutanen ƙasar Zuru, saurayi yakan yi wa mahaifin yarinyar da yake nema aikin gona na damina bakwai, shi da tsararrakinsa, kafin a ba shi ita. Wannan shi ake kira golmo. A zamanin da ake magana, gidaje da yawa na Musulmi da na Kirista sun soma sassauta shi, amma ban da gidan Baba Aaron na Kanya, dattijon coci kuma manomin dawa, wanda ya bar giya ya bar tsafi, golmo kuwa ya riƙe shi, yana mai cewa ko a cikin Littafi akwai wanda ya yi wa surukinsa bautar shekara bakwai bai mutu ba. Ɗiyarsa Leah, ɗalibar koyon aikin jinya, ita Muntaka ya gani ya ce yana so. Bambancin addini bai tayar da hankalin kowa ba, domin da wuya a sami gida a ƙasarmu da babu masallaci da coci a cikin danginsa. Garma ce tsohon ya tsaya a kai.

Muntaka ya yi damina huɗu a jere, daga 1980 zuwa 1983, yana zuwa Kanya a kan keke duk hutun jami'a. Bautar ƙasa ta katse ta biyar, sa'an nan a 1985 ya sami gurbin karatu a ƙasar Sifaniya, wanda ba ya jiran kowa ya gama huɗa. Leah ta shaida wa mahaifinta cewa ita ba za ta zauna jiran damina uku ba, dangi suka sa baki, aka ɗaura aure ranar Asabar, 24 ga Agusta, 1985. Baba Aaron bai hana ba, amma ya yanke hukunci a gaban shaidu: ya ba da ɗiyarsa, sai dai ba zai kira yaron suruki ba, ba zai kuma ci abinci a gidansa ba, sai ranar da damina bakwai ta cika. Tun daga ranar “ɗan Dawuda” yake kiransa, ko da a gaban jikokinsa.

Zamansa a Sifaniya da Meziko

Ya yi digiri na biyu da na uku a birnin Salamanka tsakanin 1985 da 1991, inda Leah ta iske shi a 1987. Kundin bincikensa ya shafi marubutan Afirka da suke rubutu da Sifaniyanci, fagen da a lokacin ba a cika kula shi ba, ya kuma sadaukar da kundin ga Cyprian. Kwafin da ya ba shi yana nan a shagon, a cikin leda, 'ya'yan Cyprian suna nuna wa mai so.

Daga 1991 zuwa 1996 ya koyar a wata jami'a a ƙasar Meziko, a can ne hankalinsa ya koma kan nazarin finafinai, musamman waɗanda suke ba da labarin manoma da rikicin gona a ƙasashen Amurka ta Kudu da ta Tsakiya. Abokan aikinsa sun shaida cewa shi ne malami na farko da suka gani yana tsayar da fim a tsakiyar darasi don ya nuna wa ɗalibai cewa ɗan wasan bai iya riƙon fartanya ba.

Dawowa Gida da Batun Tarakta

A 1996 ya dawo Nijeriya, ya kama aiki a wata jami'ar tarayya, ya kafa sashen Sifaniyanci da ɗalibai uku da bidiyo guda da janareta na aro. A daminar wannan shekara ya yi niyyar kawar da abin da ya rage tsakaninsa da Baba Aaron, ya nemi shawara. Tarihi ya wajabta a faɗi gaskiya: mai wannan rubutu ne ya ba da shawarar a ɗauko tarakta, bisa lissafin cewa aikin damina uku na mutum ɗaya bai wuce na yini biyu a wurinta ba. Shi ne kuma ya zauna kusa da direba har Kanya, yana ɗaga wa mutane hannu.

Tarakta ta yi aikinta tsaf. Baba Aaron ya zagaya gonar ya duba, ya yaba, sa'an nan ya ce, “Madalla. Tarakta ta yi noma, sai a kai mata Leah.”

Ba a sake tayar da maganar ba. Dakta Muntaka ya sayi garma a kasuwar Ribah, ya yi damina ta biyar a 1997, shi kaɗai, domin tsararrakinsa na golmo duk sun zama masu furfura da tumbi. Ta shida sai a 2004 ta samu, saboda jarrabawa da taruka da yajin aiki sukan cinye masa hutu. A waɗannan shekaru Baba Aaron yakan zo gidan Muntaka na Zuru ganin jikoki da ƙunshin abincinsa a jaka, ya zauna a ƙofar gida ya ci, ya nemi ruwa a maƙwabta. Leah ta gaji ta daina roƙon mahaifinta ya shigo. Marigayin kuwa bai taɓa yin ƙorafi a gaban kowa ba, sai dai an lura cewa duk ranar da tsohon ya zo, shi ma ba ya iya cin abinci.

Ayyukansa na Ilimi

Ya wallafa littattafai biyar da maƙaloli arba'in da ɗaya cikin Sifaniyanci da Ingilishi, ya duba kundin digirin digirgir na ɗalibai tara, an ɗaga shi zuwa matsayin Farfesa a 2008. Aikinsa da ya fi shahara shi ne wanda ya kira Garma da Kyamara, asalinsa kuwa daga gida ne. Tsakanin 2004 da 2007 yakan kai finafinan manoman Meziko da Bolibiya azuzuwan firamare na Manga da Kanya ranar da babu karatu, a toshe tagogi da tabarmi, a rataya farin zanen gado, yana fassarawa da baki cikin C'lela, harshen Lelna, da Hausa, bayan an gama ya rubuta abin da manoma suka ce. Sun gane wane fim ne mai shirya shi ya taɓa kwana a ƙauye, wane ne kuma ya leƙa ta tagar mota. Babi na huɗu kusan gaba ɗayansa sharhin Baba Aaron ne a kan wani jarumi da yake kukan an ƙwace masa gona, alhali tafin hannunsa sumul kamar na akawu. An fassara littafin, ana karanta shi a jami'o'in ƙasashe da dama. Mai wannan rubutu yana da kwafin Sifaniyancin, ya kuma yi mako biyu yana koyon harshen a 2010, har yanzu yana iya ƙirga ɗaya zuwa shida.

Damina ta Bakwai

A farkon 2016 Farfesa ya sami hutun bincike na shekara guda, wata babbar jami'a a birnin Madrid ta gayyace shi ya riƙe kujerar baƙon malami daga watan Yuni, girmamawar da ya yi shekara ashirin yana fatan samu. A watan Afrilu Baba Aaron, yana da shekara tamanin da huɗu, ya kwanta ciwon da likitoci suka ce iyali su shirya. Damina ɗaya ta rage. Idan Farfesa ya tafi, babu tabbacin zai dawo ya iske wanda zai yi wa aikin, kuma golmo ba a yi wa kabari.

Shugabannin sashensa sun ba shi shawarar ya tafi, mai wannan rubutu ma ya ba da irin wannan shawara, domin bai daddara ba. Farfesa ya rubuta wa Madrid takarda mai layi shida, ya ba da uzurin cewa yana da aikin gona da ya ɗauki alkawarinsa tun 1980. Aka ba wani kujerar, ba a kuma sake gayyatarsa ba.

Ya tare a Kanya daga watan Mayu, yana da shekara hamsin da biyar, da tabarau da hawan jini. Ya yi shara da shuka da noman firi da maimai da huɗa, wannan karon har girbi. Kantar hannunsa ta fashe ta warke ta sake fashewa. Tsohon kuwa, da ya ji an ce ɗan Dawuda yana gona, ya sa aka riƙa ɗaukarsa a babur ana ajiye shi a gindin ɗorawa, yana kallo yana gyara masa kunya. Iyali suna ganin wannan faɗa da yake yi kullum ne ya tayar da shi daga ciwon, likitoci suna da nasu ra'ayin.

An kammala sussuka a tsakiyar Disamba. Ranar Lahadi, 18 ga wata, bayan an tashi daga coci, Baba Aaron ya sauka a ƙofar gidan Farfesa a Zuru babu jaka a hannunsa. Ya wuce wurin da ya saba zama, ya shiga falo, Leah ta kawo tuwon dawa da miyar kuka. Ya ci loma uku, sa'an nan ya dubi Farfesa ya ce, “Suruki, miƙo mini ruwa.”

Farfesa ya ce, “To, Baba.” Ya tashi ya ɗebo da kansa, ya durƙusa ya ba shi. Shekara talatin da ɗaya ke nan da ɗaura aure.

Shekarunsa na Ƙarshe

Ya koma aiki a 2017, ya ci gaba da koyarwa har sashen da ya kafa da ɗalibai uku ya kai malamai bakwai. Ya soma tattara ƙamus na Sifaniyanci da Hausa, ya kai harafin M lafiyarsa ta soma ja baya. Ɗalibansa sun ɗauki nauyin ƙarasawa. A takardar tarihin aikinsa da yake aika wa taruka, ƙarƙashin shekarar 2016, abin da ya rubuta shi ne binciken fili a Kanya, kuma babu wanda zai ce ya yi ƙarya.

Rasuwarsa

Allah Ya yi masa rasuwa da safiyar Litinin, 9 ga Oktoba, 2023, a gidansa da ke Zuru, bayan gajeruwar jinya, yana da shekara sittin da biyu. An yi masa salla bayan azahar, aka binne shi a Manga kusa da mahaifinsa. Malaman jami'a da tsofaffin sojoji da 'yan kasuwar Zuru da manoman Kanya sun halarta, saƙonnin ta'aziyya kuma sun iso daga Salamanka da Meziko da Malabo ta Ikwatoriyal Gini. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta.

Ya bar matarsa Leah da 'ya'ya huɗu: Nasiruddeen, likitan dabbobi, Khairat, malamar Sifaniyanci a sashen da mahaifinta ya kafa, Mubarak, hafsan soja, wanda ya biya wa gidan Saja Dawuda abin da idon mahaifinsa ya hana, da Nana Khadija, ɗalibar jami'a. Ya bar jikoki biyar. Ya kuma bar Baba Aaron mai shekara casa'in da ɗaya, wanda garmar marigayin take rataye a ɗakinsa, ba ya ba kowa aronta, musamman ɗansa mai wannan rubutu da ya yi aure da akwati da takardar albashi. Da aka karanta masa tarihin nan kafin a buga, ya saurari littattafai da digirori har ƙarshe, ya ce duk ya ji, amma a tabbata an rubuta a wurin da kowa zai gani cewa surukinsa ya gama golmo. An rubuta.