Muryar Kawu a Ɗakin Siminti

Shekarar da aka ƙara mana albashi, mu malaman firamare, na yi abu biyu da nake taƙama da su a Birnin Kudu. Na gina ɗakin siminti mai rufin kwano, na kuma sayo rikoda daga Kano, mai sifika biyu, kowace kamar akwatin lefe. Don a ga kyan ɗakin, ban bar komai a ciki ba sai tebur da kujera. A ganina wayewa ke nan.

Ana haka wani alhaji ya kawo kaset daga wan Inna, mahaifiyata. Kawun nan ya tafi Makka a ƙasa tun Inna tana amarya, ya zauna a Sudan, ba su sake haɗuwa ba. Na aika aka ɗauko ta daga Farin Dutse, can ƙasar Gwaram, na shimfiɗa mata darduma, na kunna.

Murya ta fito tana dukan bango tana dawowa, kwano yana taya ta, kamar mai magana a cikin rijiya. Na ƙara sauti, abin ya daɗa dagulewa. Inna ta ɗan saurara, ta miƙe.

"Wannan ba Yaya ba ne," in ji ta. "Kashe abinka."

Wallahi na ji kunya, na kuma ji tsoro. Ta ce jibi za ta bi motar kasuwa ta koma, kuma na san halinta, in ta tafi a kan ba shi ba ne, ba za ta sake saurara ba.

Da fari rikodar na zarga. Sai na tuna 'yar rediyonta a ɗakinta na ƙasa, mai azara da tabarmi da tulin kaya, inda ake jin kowace kalma ras. Na tsaya tsakiyar ɗakina na tafa hannu, tafin ya yi ta yawo kafin ya mutu. Na shiga ɗakin matata na tafa, ya tsaya nan take. Ashe laifin ɗakin ne.

Washegari wuni na yi ina tafi ni kaɗai, har matata ta leƙo ta ce, "Malam, ko a nemo maka rubutu?" Na malale daɓe da tabarmi, na tafa. Na rataya gwado biyu a bango, na ɗaura zana a ƙarƙashin kwano, na tafa. Kusurwoyi suka ƙi daina gurnani sai da na jingina buhunan gero. Na janye sifikun taku biyu daga bango, na auna da igiya daga kowace zuwa mazaunin Inna har tsawon ya zo ɗaya. Ɗakin taƙamata ya koma kamar rumbu.

Ranar tafiyar, da hantsi, na lallashe ta ta shigo. Ta dubi buhunan ta ce, "Yanzu ka yi ɗaki." Na kunna a hankali.

Kawu ya yi gyaran murya sau biyu, sannan ya yi sallama. Inna ta gyara mayafinta, ta sunkuyar da kai.

"Amin, alaikumus salam, Yaya," ta ce. "Ka tsufa."

Ya shiga tambayar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, tana ba shi amsa, wane yana nan, wance ta rasu. Da ya zo kan mahaifiyarsu yana cewa a gaishe ta, Inna ta ɗaga mini hannu, na tsayar da kaset ɗin.

"Bar shi tukuna," ta ce. "Bai sani ba, kuma ban san ta inda zan fara gaya masa ba."