Koriyar Motar Baba Wendell

A wani gidan mai a garin Pendleton, Noreen tana satar kallon wani dattijo. Ya durƙusa da ƙyar yana auna iskar tayoyin wata koriyar mota da ta girme ta, don mai ya yi masa auki. Ta raya a ranta, wataƙila a cikinta ya ɗauko amaryarsa.

"Baba Wendell, akwalar nan zuƙar mai take kamar an huda tankin!" in ji mai zuba mai. "Ka rabu da ita mana."

"Kai dai zuba, sarkin surutu," in ji dattijon. "Matata Loretta tana gidan jinya, ta manta fuskata. Amma da ta ji ƙugin injin nan, sai ta leƙo taga tana gyara gashinta."