Zafin Gidan Gaba

Karatun boko bai kama ni ba. Na shiga aji, aji ya ga ba zai iya da ni ba, muka rabu lafiya. Abin da na iya a duniya tuƙi ne da surutu, kuma da su na ci abinci tun muna cikin jihar Sakkwato.

A lokacin ina jan wata tsohuwar jif irin ta shiga daji, wadda ƙafafunta huɗu duk suke ja. Tsufanta ya kai har sitiyarinta yana dama, irin na kafin a canza hannu. Da ita nake kwaso albasa da mutane daga ƙauyukan Aliero da Maiyama zuwa kasuwar Jega, ta hanyoyin da babbar mota ba ta yarda ta bi.

Surukina mutumin Danwarai ne, manomi, dattijo mai ƙarancin magana. Da na nemi ɗiyarsa bai hana ni ba, amma na san ra'ayinsa a kaina, don an gaya mini ya ce yaron nan bakinsa ya fi hannunsa aiki. Bai yi ƙarya ba. Bayan aure, tsakanina da shi sai gaisuwa: in cire takalmi tun daga nesa, in durƙusa, in ce Baba an wuni lafiya, ya amsa yana kallon wani wuri, in tashi. Haka ake yi da suruki, amma ni abin yana cina, don ina so wata rana dattijon nan ya ɗauke ni mutum.

Wata ranar kasuwa na biyo ta ƙofar gidansa na same shi tsaye da sandarsa. Na sauka na durƙusa. Ya ce, "Jega za ka?" Na ce eh, Baba. Wanda ke gidan gaba bai jira an ce masa komai ba, ya sauka ya koma baya kan buhuna, don gidan gaba na babba ne. Baba ya shiga, ya cire takalmansa kamar wanda ya shiga ɗaki, ya ajiye su gefe, ya shimfiɗa tafin ƙafarsa a ƙasan motar. Na ce a raina, kai, dubi yadda yake girmama motata.

Daga ranar ya zama duk ranar kasuwa yana nan tsaye. A Jega ba ya sayen abin kirki, wani lokacin goro kawai, sai ya zauna a inuwa har in gama lodi mu juyo. A hanya ba ma hira. Iyaka in na kauce wa rami ya ce, "Madalla." Wannan madallar nake ɗauka in kai gida in yi ta juya ta kamar an ba ni sarauta. Har gorin maiɗakina nake yi, ina cewa tsohonki fa ya gane zinariyar da Allah ya ba shi.

Ranar da Baba ya tafi suna Sabiyal, wani dillalin albasa mai ƙiba ya samu gidan gaba. Ba mu yi nisa ba ya fara ɗaga ƙafa ɗaya yana sauke ɗaya. Can ya ce, "Direba, tsaya! Wagga mota ce ko tukubar mai tsire?" Ya ciro takalminsa na roba ya nuna mini, ƙasansa ya yi laushi kamar ƙosai. Na zagaya na ɗora tafin hannuna a wurin, ban san lokacin da na yi salati ba. Ni a gefena ɗumi ne kawai irin na kowace tsohuwar mota. Ashe tun bara nake gasa surukina, ƙafa ba takalmi, kunya ta hana shi faɗi. Haka na fassara abin, kuma ranar tuwo bai shiga cikina ba.

Na fara da lagireto, na same shi cike da ruwa. Fanbel lafiya lau. Wani direba ya ce irin waɗannan motocin suna da hita da aka sa don ƙasashen sanyi, wataƙila ta maƙale a buɗe. Na bi robobin ruwan na toshe hanyarta, na yi Maiyama na dawo, wurin yana nan kamar kasko. Da dabara ta ƙare sai na saci man kaɗen maiɗakina, na ɗiɗɗiga shi a ƙasan motar tun daga gefena har ƙofar hagu, na tayar da motar na kama hanya ina leƙe. Na gefena yana zaune abinsa. Na tsakiya ya fara sheƙi. Wanda ke daidai inda Baba yake sa ƙafa kuwa tuni ya narke ya bi ƙasa. Motar ta yi kwanaki tana ƙamshi kamar ɗakin mai jego, fasinjoji suna tambaya ko an samu ƙaruwa.

Na kai ta Jega wurin wani mai walda, taubashina ne, ba ma haɗuwa ba mu taɓa juna ba. Ya shiga ƙarƙashi ya fito yana dariya.

"Kai bawana, da ido kake tuƙi ko da baki? Salansa ta daki dutse ta lanƙwashe, ta tashi tana sumbatar ƙasan mota. Ga huda tana hura wuta sama. Faifan ƙarfen da ke tare zafin ma babu shi."

Nan na tuna wani dutse a hanyar Giwa Tazo da na haye ina tsakiyar ba da labari.

Na ce, "Gyara mini, ubangidanka na sauri."

"Wa kake gasawa a wurin?"

"Surukina."

Ya ajiye abin waldar ya riƙe ciki. "Shi ya ba ka mata, kai ka ba shi ƙuna. Allah shi isar mishi!"

Ya miƙe salansar, ya like hudar, ya yanko sabon faife ya ɗaura. Ni kuma na ƙara da tabarma a sama don neman suna.

Ranar kasuwa Baba ya shiga, ya cire takalmi, ya sa ƙafa. Ina satar kallonsa ina jiran madalla mai girma. Muka yi tafiya. Na ga ya ɗan tura tabarmar da yatsa ya taka ƙarfen. Ya matsar da ƙafar gaba, ya dawo da ita baya. Har Jega ko madalla ɗaya ban samu ba, ramukan da na kauce wa kuwa ranar ba su da iyaka. Kasuwa ta gaba ƙofar gidan ba kowa. Wadda ta biyo ma haka.

Na kasa haƙuri na gaya wa maiɗakina duk abin da na yi, har da man kaɗenta. Ta saki muciya ta dube ni.

"Malam, gyarawa ka yi? Wa ya aike ka?"

"Ƙone shi take yi!"

"Sanyin ƙashi gare shi. Inna ta ce duk ranar da ya bi ka Jega, ranar yake barci ba a shafa mishi komai ba. Ƙafafun nan ba sa jin ɗumi sai a motarka."

Washegari na koma wurin taubashina na ce ya cire faifan, ya mayar da salansar kusa yadda take. Ya ce tun da yake walda bai taɓa ganin wanda ya zo a ɓata masa mota ba, amma ya yi.

Da na tsaya nan, in ci gaba da bi ta ƙofar gidan ina rage gudu, wataƙila wata rana da ya fito da kansa, ya shiga, ya ji ɗumin, mu ci gaba kamar ba a yi komai ba. Amma bakin nan nawa. Na je na durƙusa gabansa, ga mutane zaune, na ce cikin murna, "Baba, mota ta koma halinta. Ɗumin ya dawo."

Dattijo irinsa ba zai yarda a ce yana bin motar mijin ɗiyarsa don neman magani ba, ga shi na faɗa a gaban maƙwabtansa.

Ya ce, "Allah shi kyauta. Ka kai a gyara, kar ta ƙone mutane."

Bai sake shiga ba. Gaisuwarmu ta koma yadda take a da. Ni kuma ban kai an gyara ba. Na bar wurin da zafinsa, duk wanda ya zauna ya zage ni, ina cewa ya ɗaga ƙafa. Duk ranar kasuwa sai na bi ta Danwarai ko ba ni da kaya a can, in rage gudu daidai ƙofar. Haka na yi ta yi har damina ta biyu, da aka aiko cewa ya rasu. A motar na kwaso 'yan'uwa zuwa jana'iza, gidan gaba kuwa na ce kowa ya haƙura ya hau baya.