Tsohuwar da Ta Gano Linzamin 'Yata

Ko da tsufa zai zo ya kwashe duk abin da na sani, na tabbata makonni biyun farko na haihuwar 'yata ta fari za su rage a kaina. Yau shekara tara ke nan, amma har yanzu in na ji jariri yana siririn kukan nan na yunwa, sai in tuna da su.

Ni 'yar Kano ce, aure ne ya kawo ni Maiduguri. Mijina tela ne, muna haya a wani gida mai ɗakuna da yawa a Bulabulin, irin gidan da in ka yi tari na ɗakin kusa zai ce maka sannu. A al'adarmu haihuwar fari gaban uwa ake yin ta, can ake wankan jego. To ni mahaifiyata ta rasu saura wata huɗu bikina, 'yan'uwana kuma duk maza ne, saboda haka babu inda zan je. Mahaifiyar mijina ita ma ta daɗe da rasuwa. Gwaggonsa ce take zuwa kullum da safe daga wata unguwa, ta dafa mini ruwan wanka, ta dama kunu, ta koma gidanta.

Na haihu lafiya a asibiti, washegari aka sallame mu. Tun a ranar na lura yarinyar ba ta kama nono yadda nake ganin 'ya'yan mutane suna kamawa. Takan cafki kan nonon, ta ja sau biyu ko uku, sai a ji wani ɗan sauti tsak, tsak, ya suɓuce mata, ta fashe da kuka. In na sake ba ta sai ta yi ta murza shi da dasashi kamar mai tauna. Kafin kwana uku kan nonona ya tsage yana jini. Nonon kuwa ya cika ya yi tauri, yana zuba yana jiƙa mini riga, ita kuma tana kan cinyata tana kukan yunwa. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Mata 'yan barka kowa da maganarta. Wata ta ce nonon ne ba shi da kyau. Gwaggo ta sa na tatsa a murfin kwano, ta jefa tururuwa a ciki, aka zuba ido. Da tururuwar ta fito da ranta sai aka yanke cewa nono lafiyarsa ƙalau, ni ce ban iya riƙon jariri ba. Gwaggo ta ce yaran yanzu ba su da juriya, kowace mace da haka ta fara. Ba da mugunta ta faɗa ba, yanzu na san haka, amma a lokacin maganar ta zauna mini a zuciya. In suka watse sai in zauna ina tunanin mahaifiyata. Mu shida ta shayar, ban taɓa tambayarta yadda ta yi ba. Na ɗauka tana nan, ranar da nake bukata zan tambaya.

A ɗakin ƙarshe na gidan akwai wata tsohuwa Babarbariya da kowa ke kira Kaka. Daga wani ƙauye na bakin Tafkin Chadi suka yi gudun hijira lokacin da rikici ya tashe su, take zaune da ɗanta da matarsa. Kullum da safe takan naɗa lafayarta ta tafi kasuwar kifi ta Baga Road, inda take taya wani ɗan garinsu tsintar banda da jera shi a kwali. Hausarta kaɗan ce, ni kuma ba na jin Barbarci, don haka tsakaninmu gaisuwa ce kawai.

Ranar da muka kwana biyar, da la'asar, ina zaune a ƙofar ɗaki a kan tabarma ina fama da yarinyar. A lokacin kukan nata ya fara raguwa, ba don ta ƙoshi ba, don ƙarfinta ne ya fara ƙarewa. Leɓenta ya bushe, tun safe kuma sau ɗaya ta jiƙa tsumma. Kaka ta shigo daga kasuwa, har ta wuce ni, sai ta tsaya. Ba kallona take ba, saurare take. Ta dawo ta tsuguna, ta kasa kunne wajen bakin yarinyar, ta ji wannan tsak, tsak ɗin. Ta tashi ta je ta wanke hannunta da sabulu har sau biyu, ta dawo ta miƙo hannu.

"Fero, kawo ta nan," in ji ta. Daga baya na san fero yarinya ke nan da yarensu, kuma da shi ta ci gaba da kirana.

Ta kwantar da ita a cinyarta, ta sa ɗan yatsa ta ɗaga harshen a hankali, ta ce in leƙa. Na ga wani siririn tantani a ƙarƙashi ya riƙe harshen har kusa da bakinsa. Ko tana kuka harshen ba ya tashi sama, tsakiyar bakinsa kuma ya ɗan lotsa.

"Ba ke ba ce. Ba nononki ba ne. Linzami ne, harshe a ɗaure yake."

Kwana biyar ina ɗauke da laifin da ba nawa ba, tsohuwar nan ta sauke mini shi da kalmomin da ba su kai ashirin ba. Ta sa aka ɗumama ruwa, ta gasa mini ƙirji da tsumma, ta nuna mini yadda zan tatsa a ƙaramin kofi mai tsabta. Sannan ta tallafi kan yarinyar, ta riƙa ɗiga mata da cokalin shayi kaɗan kaɗan. Na ga maƙogwaron 'yata yana motsi. A ranar ta fara yin barcin da za a kira barci.

Da gwaggo ta ji labari washegari, sai ta ce ai abin ya zo da sauƙi, gobe suna, wanzami zai zo aski, sai ya yanke linzamin gaba ɗaya. Mijina ya yarda, saboda shi ma haka ya taso ya ga ana yi. Kaka tana bakin ƙofarta tana ji. Ta kira mijina gefe, ta daɗe tana yi masa magana da Barbarci, don shi a garin aka haife shi, yana ji. Da ya dawo idonsa ya yi ja. Ya ce mini ɗanta na biyu da linzami aka haife shi, can ƙauye. Aka yanke masa da aska, jini ya ƙi tsayawa, asibiti kuwa sai an yi tafiyar wuni a kwalekwale. Bai kai ba. Abin da ta ce masa a ƙarshe shi ne, a can ba su da asibiti, mu a nan ba mu da hujja.

A ranar muka hau keke napep zuwa asibiti, ni da mijina da Kaka da jaririya, Kaka ta bar kasuwarta. Ma'aikaciyar jinyar da muka fara gani ta gaji da layi, ta ce duk masu haihuwar fari haka suke, in je in ƙara haƙuri. Ni har na miƙe, saboda na saba da a ce mini ni ce. Kaka ta ja zanena ta zaunar da ni, ita ma ta zauna a benci, ta ce ba za mu tashi ba sai likita ta duba bakin. Muka zauna har bayan azahar. Likitar mace ce, ta sa na shayar a gabanta tana kallo, ta duba harshen, ta auna yarinyar, ta ce ta rame fiye da yadda ya kamata. Ta ce linzami kam akwai, amma ba kowanne ake yankewa ba. Ta gyara mini riƙo, ta ce in ci gaba da tatsa ina ba ta da cokali, mu dawo bayan kwana uku a gani.

Aka yi suna, wanzami ya yi askinsa ya tafi bai taɓa bakin ba. Gwaggo ta wuni tana fushi. Da muka koma asibiti babu abin da ya canza, sai likitar ta ce to yanzu za ta yanke. Ban iya kallo ba, Kaka ce ta riƙe kan yarinyar. Da ɗan ƙaramin almakashi aka yi, ko minti ɗaya ba a ɗauka ba, jinin bai wuce ɗigo biyu ba. Aka miƙo mini ita tana kuka aka ce in ba ta. Ta buɗe baki ta kama, ba kan nonon kaɗai ba, har da kewayensa. Na ji wani ja mai nauyi tun daga cikin ƙirjina, ba zafin da na saba ji ba. Babu tsak, tsak. Sai sautin haɗiya.

Ban san lokacin da na ce "Inna" ba, sunan da nake kiran mahaifiyata. Kuka ya ƙwace mini a gaban likita da kowa. Kaka ba ta ce in yi shiru ba, ta jawo kaina ta kwantar a jikinta, lafayarta tana ƙanshin turaren wuta da banda, tana bubbuga bayana har na gama.

Ba a ranar komai ya daidaita ba, sai da muka ƙara kusan mako kafin yarinyar ta saba, ni ma na warke. Amma daga nan Kaka ta zama uwata. Ita da gwaggo, wadda ta sauko da ta ga kumatun jaririya sun fara fitowa, suka raba aikin jego har arba'in. Kaka ce ta koya mini goyo, ita ta koya mini miyar kuka da banda, a tabarmarta 'yata ta fara rarrafe.

Yarinyar tana da shekara biyu mahaifina ya kwanta rashin lafiya, na tafi Kano na yi wata biyu. Da na dawo na tarar da wasu mutane a ɗakin ƙarshe. Aka ce hanya ta ɗan buɗe, Kaka ta bi 'yan garinsu ta koma bakin tafki, ta ce tana so ta ƙarasa kwanakinta kusa da kabarin mijinta da ɗanta. Ɗan nata mai rai ya koma Khaddamari yana noma. Na bi shi har can, ya ce inda take babu waya, sai dai saƙo ta bakin masu kawo kifi. Sau biyu saƙonta ya iso gare ni, tana tambayar ko yarinya tana ci. Na ƙarshe ya zo da labarin idonta ya yi rauni. Daga nan shiru, ɗan ma ya tashi daga inda na san shi.

Har yau in na shiga kasuwar kifi nakan tsaya wajen masu sauke kaya in tambaya, in kwatanta ta, in faɗi sunan ƙauyensu. Wani ya ce kamar ya san ta, wani ya girgiza kai. 'Yata tana aji huɗu yanzu, bakinta ba ya hutawa, takan tambaye ni yaushe za mu je wajen Kaka, wadda ba ta tuna fuskarta. Ko hotonta ba ni da shi. Ban taɓa zaunar da ita na yi mata godiya yadda ya kamata ba, kullum ina ganin tana ɗakin ƙarshe, akwai gobe.

Abin da na koya shi nake faɗa wa duk mai jegon da na je wa barka. In jariri ya kasa kama nono, kada a fara ɗora wa uwa laifi, a duba bakinsa, a kai shi asibiti da wuri. Sannan wanda ya tsaya miki a ranar da ba ki da kowa, ki gode masa tun yana gabanki. Sau biyu Allah ya ba ni uwa, sau biyu na bari sai gobe.