Ruwan Aro a Idon Sallkapata

Duk wanda ya san Sallkapata ya san Donatila Sulka, domin ko bai gan ta ba ya ji muryarta daga kan tudu tana zagin tumakin wani. Gajeriyar tsohuwa ce mai takalmin taya, sanyi ya tsattsage mata diddige, baƙar hularta ta koɗe ta koma ruwan ƙasa. Mahaifinta ne mai kula da idon ruwan ƙauyen a zamaninsa, shi yake raba wa gonakin dankali ruwa bi da bi, ita kuma tana biye da shi da 'yar fartanyarta. Mutanen Sallkapata ba sa ce wa idon nan ido, Uwa suke ce masa. Duk shekara sai sun kai mata furanni da ganyen koka da giyar masara, su yi mata kiɗa, su tambaye ta lafiya.

Shekarun da bindiga ta shigo duwatsu, aka zo aka tafi da mijin Donatila, har yau ba a dawo da shi ba. Ta goya 'yarta Maura ta gangara birnin Lima, ta yi ta sayar da dafaffiyar masara da cuku a tasha har gashinta ya fara furfura. Ta kwana da yunwa, ta kwana a rumfar kwali, amma abin da take taƙama da shi har gobe shi ne ba ta taɓa miƙa wa ɗan Adam hannu ba. Wannan maganar kuwa kowa a ƙauyen ya haddace ta, don ba ta gajiya da faɗa.

Da ta dawo gida sai ta tarar ƙanƙarar kan dutse ta narke ta bar baƙin kai, Uwa kuma ta rame. Ita ce ta bi gida gida ta tara zawarawa da tsofaffi, suka kafa ƙungiyar da suka sa wa suna Masu Shuka Ruwa. Aikinsu shi ne su hau can sama su tare kwarurruka da bangon dutse da yumɓu, ruwan damina ya taru ya nutse a hankali, ya ɓullo a bakin Uwa da rani. Maza suka yi musu dariya, daga baya suka shiga aikin da suka ga ruwa ya ƙaru. Sai bara damina ta zo da hauka ta fasa babban bangon, ta kwashe aikin shekaru ta zubar a kwazazzabo. Bana Uwa ta ƙafe ƙaf. Ruwan sha ma sai an gangara da jakuna har gindin kwari, a dawo gwiwoyi na rawa.

Gyaran bangon ya fi ƙarfin hannu, yana son siminti da ƙarfe da motar haƙa. Ga damina tana matsowa. Maura kuwa, wadda ita da mijinta Wilmer ne kaɗai masu ƙananan yara da suka rage a unguwar sama, ta faɗa wa uwarta ba tare da ɓoye-ɓoye ba.

"Mama, in ruwan sama ya sauko bangon nan yana a fashe, mu mun tafi garin Ika aikin tsinkar inabi. Ba zan tsufa a bayan jaki ba."

Donatila ta zage ta tas, sannan ta shiga ɗaki ta zauna tsoro ya kama ta. Ta san Maura ba ta wasa, ta kuma san wanda ya gangara da gadon kwanansa ba ya dawowa.

Ana nan sai malamin makaranta ya zo da labarin wata ƙungiya a Lima da ke ba irinsu tallafi. Ya taimaka musu suka nema, sunansu ya kai zagayen ƙarshe. Ƙauye ɗaya za a ba a duk yankin, kuma wata injiniya za ta zo ta gani da idonta kafin a yanke. Aka taru a ƙofar coci don shirya tarbarta, Tayta Fermin, tsohon da ke riƙe da sandar gari, ya tofar da kokar bakinsa ya fara.

"To, baƙuwa za ta zo. Sai mu kai ta gaban Uwa tana kwance tsirara, baki a bushe?"

"Ai abin da ya kawo ta ke nan, Tayta," in ji Maura. "Ku bar ta ta ga ƙura. Na rantse abokan takararmu mutanen Wamanrumi ko fuska ba za su wanke ba ranar, karnukansu ma ramammun za su fito da su."

"Ji mini ita! Kin sha ruwan famfo a Lima ya wanke miki kunya. Mu Wamanrumi ne? In muka kunyata Uwa a gaban baƙo ta yi fushi ta koma wani dutsen, ke za ki bi ta ki ba ta haƙuri?"

"Ta riga ta tafi, Tayta. Kai ne ba ta yi wa sallama ba."

Aka yi dariya, wasu suka yi alamar gicciye. Duk ido ya koma kan Donatila, don ƙungiyar tata ce. Da a ce ta goyi bayan 'yarta, da maganar ta mutu a nan. Amma kai irin na Donatila ba a juya shi, kuma ita ma cikin ranta ba ta iya jure a ɗauki hoton Uwa a wannan hali a kai wa baƙin ido su yi ta kallo.

"Ni ban yi bara a Lima ba, ba kuma zan sa Uwa ta yi ba," in ji ta. "Ba ƙarya za mu yi ba. Leɓe kawai za mu jiƙa mata, yadda ake yi wa marar lafiya in za a zo gaishe shi. Bangon ai ga shi can a fashe, makaho ma ya gani."

Jiƙa leɓe aka ce. Amma aikin gayya a Sallkapata gasa ne, babu gidan da zai yarda a ce jakinsa ya fi na maƙwabci lalaci. Aka yi ta hawa da sauka ana juye jarkoki a wani rami da ke saman idon, har jakuna suka yi gyambo a baya. Ƙasar ta sha ta ƙoshi. Ranar da motar baƙuwa ta iso, Uwa tana zuba siriri, fari tas, abin sha'awa.

Injiniya Nelida yarinya ce mai kirki, tsayin dutse ya sa mata ciwon kai amma tana ta murmushi. Aka rataya mata furanni, aka yafa mata bargon saƙa, mai garaya da mai goge suka saka ta a gaba. Mata sun fito da siket ɗin biki da suka daɗe a akwati. Aka kai ta sama ta ga bangon, ta girgiza kai. Aka sauko da ita wurin Uwa, ta tara kwalba don auna gudun ruwan tana duba wayarta, sai fuskarta ta washe. Daga nan aka buɗe ramin gashi, naman tunkiya da dankali da wake suka turnuƙe fili da ƙamshi, a ƙauyen da yara suka manta rabonsu da nama.

Da ta ci ta ƙoshi sai ta miƙe ta yi jawabi da Sifaniyanci.

"Na zaga ƙauyuka da yawa, ban ga inda ruwa ke gudu a ƙarshen rani ba sai nan. Ga bango a fashe, amma aikinku yana nan yana ba da ruwa. Ku ne ya kamata a kawo wasu su koya a wurinku. Tallafin bana na waɗanda suka kai maƙura ne, kuma na yi murna da ba kwa cikinsu."

Tsofaffi suka kaure da tafi, domin yawancinsu yabon kawai suka tsinta a cikin harshen da ba nasu ba. Donatila ta ji kowace kalma. Ta waiwaya ta ga Maura tana kallonta, hannunta a kan bakinta.

Baƙuwa tana buɗe ƙofar mota Donatila ta ratsa mutane ta zube a gabanta, gwiwa biyu a ƙasa, cikin siket ɗin bikinta. Kiɗa ya tsaya. Ba wanda ya taɓa ganin haka.

"'Yata, ruwan aro ne. Daga kwari muka ɗauko a bayan jakuna. Uwa ba ta da ko ɗigo, tun farkon rani ta ƙafe. Ki dubi girman Allah."

"Mama, tashi, don Allah tashi! Me ya sa kuka yi haka?"

"Baƙuwa ce ke. Ya za mu yi?"

Injiniya Nelida ta dafe kai. "Ni abin da na auna shi zan kai. In na ce kun zuba ruwa, za su ce yaudara ce, su soke sunanku, ba bana kaɗai ba. Da dai zan ga ya tsaya da idona, in ɗauki hoto, da na san yadda zan faɗa musu."

"Zai tsaya! Yanzu zai tsaya, ki zo ki gani."

"Injiniya, hanyar nan ba a bin ta da duhu," in ji direba. "Ga Wamanrumi na jiranmu."

"Ɗan jira kaɗan."

Aka koma wurin Uwa, gari duka, aka tsaya ana kallo. Ruwa yana zuba. Donatila ta tsuguna a bakin idon, ta zaro ganyen koka daga ƙugunta ta ajiye a kan dutse. Matar da ta ƙare ƙuruciyarta da tsufanta tana roƙon ruwan nan ya zo, yau ga ta tana roƙonsa da murya kowa na ji.

"Uwa, ki tsaya. Ki yi mini rai ki tsaya. Ki nuna mata yadda kike, ni na ɗauki laifin."

Tayta Fermin ya cire hularsa ya rufe fuska da ita. Wani daga baya ya ce a toshe da yumɓu mana, aka harare shi, don baƙuwar tana tsaye. Ruwan ya ɗan rage, zuciyar Donatila ta yi tsalle, sai ya ci gaba da abinsa. Mazan sun yi aiki da gaske.

Direba ya danna oda, ya sake dannawa. Injiniya ta duba sama, ta duba ruwan, idonta ya kawo ƙwalla. Ta riƙe hannun Donatila ta ce za ta yi iya ƙoƙarinta, da irin muryar da likita ke yi wa dangin wanda ba zai tashi ba. Ta juya ta nufi mota da furannin a wuyanta.

Donatila ba ta tashi ba. Daga inda take tsugune ta hango Maura ta bi bayan baƙuwar da sauri, ranta ya ɗan dawo, ta ɗauka roƙo za ta ƙara yi mata. Amma Maura ta wuce injiniya ta zagaya ta tagar direba, kuma da yake wurin ya yi tsit, kowa ya ji abin da ta tambaya.

"Malam, babbar motar da ke gangarawa Ika, wace rana take bi ta mararraba? Tana ɗaukar gado?"