Raunin Baba da Ya Ƙi Rufewa

Ni ne ɗan fari, don haka ni da Baba ba mu saba haɗa ido ba. Bafulatani ne mai sayar da shanu, kunyarsa har ta yi yawa. Shekara guda yana ganin jini in ya zaga, bai gaya wa kowa ba, sai da ya faɗi a kasuwa. Likita ya ce ciwon daji ne a ƙarshen hanji.

Aka yi masa aiki, aka cire wurin gaba ɗaya aka ɗinke, aka buɗe masa wata hanya a gefen ciki, da 'yar jaka manne. Likitan ya ce mini da wuƙar lantarki suka yi yankan, tana yanka tana ƙone bakin jijiyoyi don jini ya tsaya. Aikin ya yi kyau, amma rauni a wannan wurin yakan daɗe bai warke ba. Da na mayar wa Baba da Fulatanci, abu ɗaya ya riƙe: an ƙona shi. Ya ce ya sha gani a jikin shanu, inda wuta ta taɓa ba ya komawa daidai.

Ba mu yi mako biyu da komawa gida Tumfure ba ɗinkin ya buɗe. Ba ya iya zama, a durƙushe yake cikin keke mai ƙafa uku har asibiti, yana riƙe da ƙarfe. Bayan zuwa na uku ya ce ya gama. Wata nas ta koya mini wankin: ruwan gishiri, sannan a cusa auduga cikin ramin. Inna ba za ta iya ba, ƙannena duk mata ne. Sai ni.

Kowace safiya yakan kwanta ya juya wa bango fuska, ya ja hula ya rufe idonsa. Ko nishi ba ya yi. Ya daina zuwa masallaci saboda wari, duk da liman ya zo har gida ya ce sallarsa ta yi. Ya rage cin abinci don kada jakar ta cika.

Wata safiya, bai juyo ba, ya ce, "Yana cikowa?"

Na ce yana cikowa.

"Hannunka har yanzu nisa yake shiga."

A wata na biyar muka lallashe shi ya koma asibiti, hoto ya nuna ciwon ya kai hanta. Na ci gaba da wankin, don ban san me zan yi in na daina ba. Ranar da ya rasu, masu wanka suka ga ramin suka tsaya suna dubana. Na karɓi auduga na sa masa sabuwa, sannan suka kawo likkafani.