Ranar da Na Ɓoye wa Inna

Ba Inna ta haife ni ba. Tsohuwa ce mai suyar ƙosai a unguwar Treichville, can wani birnin bakin teku, 'yar ƙasar Maraɗi kamar mu. A tsakar gidan da take haya muke sujada ran Lahadi, mu Hausawa Kirista da ba mu cika tabarma uku ba, da wasu 'yan ƙabilar Mossi masu jin Hausa. Ni da maigidana muna zaune a unguwar Adjamé saboda aikinsa na jirgin ƙasa. Duk Lahadi sai mu ratsa unguwar Turawa a ƙasa, mu haye wata gada mai lilo a kan ruwa.

Ita ta koya mini karatun Littafi Mai Tsarki, tana bin baƙaƙen da yatsanta mai maiƙo. Ita ta koya mini addu'a, ta tsaya mini ranar baftisma. Abu ɗaya ya gagare ta, bakina. Ni dai in magana ta zo mini, sai ta fita ko da za a mutu.

A shekarun yaƙin Turawa yadi ya yi wuyar samu. Wata Lahadi wata sabuwar tuba, Mossi, ta zo ɗaure da buhun da ta wanke ta ɗinke. Da aka tashi na ce, "Yau har buhun koko ya zo jin wa'azi." Mata biyu suka ƙyalƙyale. Matar ta sunkuyar da kai.

Inna ta ce, kowa na ji, "Ɗiyata, da wannan bakin kika gama yabon Ubangiji yanzu? Tashi ki roƙe ta gahwara."

Na tashi, amma gida na nufa. Lahadi shida ban haye gada ba. Maigidana ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya gaji ya riƙa tafiya shi kaɗai. Wai ni an ci mini mutunci. Mutuncin matar da na yi wa dariya bai ko faɗo mini a rai ba.

Wata Talata da hantsi na ji sallamarta a ƙofar gidanmu. Da kumburarrun ƙafafunta ta tako tun daga Treichville. Na faɗa ɗaki na saki labule, na raɗa wa maƙwabciyata, wata 'yar ƙabilar Jula, ta ce na tafi kasuwa. Ta faɗa mata, ta ba ta kujera da ruwa.

Inna ta daɗe zaune, ina jin numfashinta. Can ta matso bakin labulen ta ce, "Ɗiyata, ga takalmanki nan, na san kina ciki. Ba faɗa ya kawo ni ba. Abin da na ce gaskiya ne, amma ban kyauta ba da na hwaɗe shi gaban mutane. Ki yahe mini."

Hawaye na zuba mini, amma na danne bakina, bakin da bai taɓa yin shiru ba. A raina na ce bari ta ɗan ƙara ji, ran Lahadi sai in je. Ina ji ta yi wa maƙwabciyata godiya, ta ja ƙafa ta fita.

Zazzaɓi ya kwantar da ita washegari. Ran Juma'a aka aiko mana ta rasu. Da na isa, matar nan Mossi na tarar tana mata wanka, ita ce ta yi jinyarta. Ta matsa ta ba ni wuri.

Bayan mako biyu aka yi Jibin Ubangiji, wato cin gurasa tare a sujada. Kafin a gutsuttsura gurasa, dattijon da ke mana wa'azi ya ce duk mai riƙe da wani a zuciya ya tashi su shirya tukuna. Na je na durƙusa gaban matar, ta kama hannuna ta ɗaga ni. Amma ban koma wurina ba, na tsaya ƙiƙam a tsakiyar mutane.

Dattijon ya ce, "Ɗiyata, ai ta yahe miki. Zamna."

Na ce, "Baba, saura guda. Ita ce ta roƙe ni, ban amsa ba. Wa zan ba amsar?"

Shekarata saba'in da huɗu yanzu, ina koya wa mata karatun Littafin, kuma har yau ban sami wanda zan ba amsar ba.